Ƙaron Dogon Yaro da Motar Karo-Karo



A makon jiya hanya ta bi da mu ta wata unguwa, muka tarar da kututturen dogon yaro sabon sara a ƙofar wani gida, faɗinsa ya isa mutum biyu su zauna ba su matsi juna ba. Tsofaffin da muka saba gani a wurin sun koma jikin katangar maƙwabta, suna bin 'yar inuwar da ta rage kamar masu bin bashi. Muka tambayi dalili, aka ce mai gidan ya yi sabuwar mota, itacen kuwa yana zubo mata ƙaro yana ɓata fenti. Ba mu ce uffan ba, domin ba huruminmu ba ne, kuma aikin gama ya riga ya gama. Amma tun daga ranar zuciya ba ta bar mu mun sake ba, saboda mu ma saura ƙiris mu aikata irin wannan a shekarar 2022, kuma takardar kiran mai sara da hannunmu aka rubuta ta. Shi ya sa muka ga ya wajaba mu ba da labarin yadda aka yi, kafin bazara ta kama wani gatarin ya sake tashi.

Fiye da shekara 20 ke nan muna riƙe da alƙalamin dattijon unguwarmu, wanda yaro da babba ke kira Baba. Mu ke rubuta masa wasiƙu, mu ke ajiye littafin da ake shigar da aure da suna da rasuwa da sulhu, mu ke karanta masa takardun hukuma gwargwadon Faransancin da muka tsinta da girma, tun da mu allo muka fara riƙewa. Duk wannan aiki a gindin wani dogon yaro ake yin sa, a ƙofar gidan Baba.

Wanda ya san Garwa ya san garin Fulani ne, da Lamiɗonsa da fadarsa, tun zamanin da ƙasar nan take ƙarƙashin tutar Modibbo Adama. Kakanninmu baƙi ne da fatauci ya kawo: wasu da jakuna daga Kano da Katsina da Zazzau, ɗauke da tufafi da kanwa, wasu ta ruwa a zamanin da jiragen 'yan kasuwar Turai ke hawo Binuwai da damina su yi lodin gyaɗa da auduga, wasu kuma niyyar Makka suka yi a ƙafa, guzuri ya ƙare a nan, suka yi aure suka zauna. An karɓe su da mutunci, mu ma ba mu da abin cewa sai godiya. Sai dai harshen kasuwa Fulatanci ne, na ofis da makaranta Faransanci. Hausa wuri biyu suka rage mata, cikin gida da gindin itace. Jikokin Baba da yawa in ka yi musu magana da Hausa da Fulatanci suke amsawa, kuma ɗan abin da suka sani na karin magana da gaisuwar manya da yadda ake nema wa ɗa aure, a gindin itacen nan suka ji shi, suna raɓe a bayan tabarma ana aikensu ɗebo ruwa. Ba mu da soro mai zane, ba mu da zauren taro. Itacen nan shi ne majalisarmu.

Mahaifin Baba ne ya dasa shi a 1960, shekarar da aka sami 'yancin kai, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya rene shi da ruwan alwala. Shi ma dogon yaron baƙo ne kamarmu. Asalinsa ƙasar Indiya da maƙwabtanta, a zamanin mulkin mallaka aka shigo da shi Afirka ta Yamma, ya karɓi ƙasar ita ma ta karɓe shi, har yau ana ganin kamar da shi aka halicce ta. A Kano darbejiya ake ce masa, Fulanin nan kuwa suna ce masa ganye, kalmar da kunnen Bahaushe ba ya neman tafinta a kanta. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnatin Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan, ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert, aka kuma farfaɗo da shi a 2008. Wanda ya bi titunan Marwa da tsakar rana ya san abin da dogon yaro ya yi wa arewacin Kamaru, alhazanmu ma sun sha inuwarsa a filin Arfa. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40, itatuwa da yawa sun kaɗe ganye, shi kuwa a lulluɓe yake.

Ita kuma motar ta karo-karo ce. Baba ya tsufa, ƙafa ta yi nauyi, kuma bai kyautu a ga mutumin da ke wakiltarmu a fada da gaban hukuma yana sauka daga bayan babur ɗin haya, iska na ɗaga masa babbar riga ba. A ƙarshen 2021 jama'a suka haɗa abin da ya sawwaƙa, mahauta da 'yan tireda da masu ɗinkin hula da mata masu ƙosai, kowa da sunansa a littafinmu, har da wata tsohuwa da ta kawo sefa 500 ƙulle a bakin zane. Aka sayo ta hannu, wadda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare inda dogo ya ƙare, sa'an nan aka tuƙo ta kusan kilomita 280 zuwa nan. Baƙa ce wuluk, kana ganin fuskarka a jikin ƙofarta. Ranar da ta iso ba wanda ya yi shawarar inda za a ajiye ta, kai tsaye gindin itace aka nufa da ita. Wani matashi mai son wasa da harshe ya ce daga baya, tsakanin karo-karo da ƙaro ai lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi.

A watan Janairun 2022 aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka, Garwa ta karɓi rukunin da Najeriya take ciki a filin Rumde Ajiya. Baba bai san ƙwallo ba, bai kuma nemi sani ba, amma ya san baƙo. Dangi da abokan ciniki suka yi ta kwararowa daga Yola da Mubi da Maiduguri, tun daga ranar da Najeriya ta ci Masar har ranar 23 ga wata da Tunisiya ta fitar da ita. Gida ya cika ya batse, aka koma waje. Aka kafa rumfar tamfol, aka ɗaure ta da waya a rassan itacen, aka buga ƙusoshi aka rataya fitila da lasifika da talabijin domin waɗanda ba su sami tikiti ba. Wani reshe da ya tare rumfar aka sassare shi da adda. Baƙi suka tafi suna yabo, aka naɗe tamfol, waya da ƙusa kuwa aka bar su inda suke. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Azumin shekarar ya kama a farkon Afrilu, cikin tsananin zafi. A nan ne aka fara ganin ɗigo-ɗigo a rufin motar da murfin injinta, launin zuma, da safe da taushi, da yamma ya ƙame kamar gilashi. Direban Baba yaro ne na gida, mai ladabi, hasali ma ƙwazonsa ne ya ja masa. Kullum yana kaɗe motar da busasshen tsumma, ɗigon bai fita ba, ya ce a ransa sai jajibirin salla zai yi mata wankan gaske. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ran jajibiri bayan azahar, rana na dukan ƙarfe har ba ya taɓuwa, ga azumi a baki, ya sayo kwalbar zuwa-zuwa, man fetur ɗin nan da ake sayarwa a bakin titi, ya tsoma tsumma ya hau gurza. Ƙaro bai motsa ba. Ya kawo reza ya kankare, inda reza ta bar saura ya bi da soson ƙarfe na wanke tukunya da garin sabulu. Kafin la'asar ƙaro kam ya bar murfin inji, amma ya tafi da sheƙin. Wurin ya yi fari-fari, dishi-dishi, da zane-zane kamar inda kaji suka yi tono.

Da safe aka tafi idi, aka wuce gaisuwar fada, aka jera motar cikin motocin manyan gari. Ba wanda ya ce kome, amma mun ga idanu, kuma wanda jama'arsa ba su da yawa a gari ya san nauyin ido. Baba bai tanka ba har muka dawo.

Kwana uku bayan salla aka zauna, a gindin itacen da ake yi wa shari'a. Babban ɗan Baba ɗan kasuwa ne mai hankali, shi ya ba da kaso mafi tsoka a kuɗin motar, kuma ba za mu zalunce shi a rubuce ba, hujjojinsa masu ƙarfi ne. Ya ce motar dukiyar jama'a ce, amana ce, ba a barin amana ta lalace saboda itace. Ya ce saiwar itacen ta riga ta tsaga katangar zaure. Ya ce jemagu da tsuntsaye suna cin 'ya'yansa suna zubo ƙazanta a tabarmar baƙi. A sare, in ji shi, shi zai ɗauki nauyin rumfar kwano da daɓen siminti da kujeru irin na zamani. Matasa suka goyi bayansa. Tsofaffi suka yi shiru irin na wanda ba shi da kuɗin da zai yi musu da shi. Baba ya ce a rubuta wa mai sara, amma kada a aika sai ya kwana biyu a kan maganar. Muka rubuta, har ma muka ƙawata rubutun, Allah ya yafe mana.

Washegari bayan sallar asuba muna tsaye jikin motar muna jiran gari ya waye, hannu ya kai kan wani ɗan dunƙule da ya bushe a gefen gilashi, inda direba bai kai ga gurzawa ba. Muka ɓamɓaro shi, muka murza, muka sansana, muka ɗora a harshe. Ba ƙamshi, sai wani ɗan yauƙi da ya fara narkewa da yawu. Nan take muka ji kamar an mai da mu baya shekara 40.

Duk wanda ya yi karatun allo ya san ƙaro kafin ya san mota. Mu ake aika kasuwa mu sayo na ɗakwara, a jiƙa shi a kasko ya kwana, da safe ya zama ruwa mai kauri, a kankaro baƙin gindin tukunya ko a niƙa gawayi a haɗa, a tace a zuba a kurtu. Ƙaron shi ke riƙe baƙin a jikin allo ya hana shi kaɗewa idan ya bushe. In kuma yaro ya haddace aka ce ya je ya wanke, da me yake wankewa? Ba a taɓa ba mu fetur ba, ba a taɓa ba mu reza ba. Ruwa ne, a zuba, a ɗan jira, a shafa da tafin hannu. Masu wankin hula da shi suke ƙamar da hula, in ta sake shiga ruwa ta saki. Shi ne kuma ƙaron da Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa, Chadi da Najeriya na biye, mutanen wajen Waza ma suna tsintar irinsa a daji, a kai shi Turai da Amurka a sa a lemon kwalba da alewa da magani, saboda yana narkewa a ruwa sarai. Na dogon yaro bai kai na ɗakwara daraja ba, amma ɗabi'arsu ɗaya.

Muka sa aka ɗumama ruwa a buta, ɗumin da hannu zai jure. Muka fara kwarara ruwa a rufin motar domin ƙura ta sauka, sa'an nan muka jiƙa wani tsohon rawani mai laushi muka shimfiɗa a kan ɗigon, muka koma tabarma muka ci gaba da wuridi. Bayan kamar minti 15 muka ɗaga. Ƙananan sun narke, shafa ɗaya suka bi tsumma. Manyan sun yi laushi, muka sake jiƙawa muka mayar, a karo na uku suka saki. Kafin rana ta take rufin ya koma yadda ya zo daga Duwala, ba ƙwarzane ko ɗaya. Direba yana tsaye yana kallo, idonsa ya cika da ƙwalla. Ba mu ga laifinsa ba. Boko ya yi, bai taɓa dama tawada ba.

Duk da haka ba mu tsaya a kan saninmu kaɗai ba. Muka kai motar wurin wani tsohon mai fenti, ya shafa murfin injin da bayan hannu ya girgiza kai. Shi ya fahimtar da mu cewa fentin mota hawa-hawa ne: akwai shafin da ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, akwai mai launi, sa'an nan a sama akwai wani garau kamar ruwa, wanda suke kira verni da bakin Faransa. Na saman nan shi ne sheƙin, shi ne kuma garkuwar launi daga rana, kaurinsa kuwa da ƙyar ya kai na silin gashi. Reza da soson ƙarfe sun yanke shi. Fetur bai san ƙaro ba, sai ya cinye kakin da aka shafa a kai, kuma da yake an taɓa sake fesa wa murfin fenti kafin a sayar mana, ba shi da ƙarfin na asali, sai ya dushe. Ya ƙara da abin da ba mu zata ba, cewa busasshen tsumman nan na kullum shi ma ɓarna yake yi a hankali. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga arewacin Chadi, daga gindin tsohon tafki da ya ƙafe, tana da kaifi ko da ido bai gani ba, wanda ya goge ta a bushe kamar ya gurza fenti da yashi ne. Ga kuma zafi: baƙar mota in ta sha rana fatar fentinta takan yi laushi, ɗigon ya bushe ya ƙanƙance a kanta, in ya daɗe ya bar tambarinsa ko bayan an cire shi. Saboda haka ɗigon yau a cire shi yau ko gobe, da sanyin safiya ko bayan la'asar, a inuwa.

A nan ya kamata mu yi wa mai karatu adalci, kada ya tafi da zaton duk abin da ya ɗigo daga itace ruwan ɗumi ke fitar da shi. Ƙaro irin na ɗakwara da bagaruwa da dogon yaro, ruwa ne maganinsa. Akwai darɓa, wadda manomi ya sani a ganyen dawa. Wasu ƙananan ƙwari ne ke tsotson ganye su fitar da ruwa mai zaƙi, ya sauko kamar yayyafi, ƙura ta manne, daga baya ya yi baƙi. Wanda ke ajiye mota a gindin mangwaro ya san ta, ita ma ruwa da sabulu mai laushi sun ishe ta. Amma akwai danƙo, farin ruwan nan mai kama da nono da ke fita daga ceɗiya da durumi da gamji, akwai kuma na maje da hano da ake turare da su, waɗanda a baki su ma ƙaro ake ce musu. Waɗannan ko an kwana ana jiƙawa ba su narkewa. Maiƙo ke sassauta su: a ɗiga man gyaɗa a bar shi ya ratsa, a ɗauke da auduga, a wanke da sabulu. Mai fentin ya ce abin da ya fi sauri shi ne alkol na kantin magani, wanda ake goge wurin allura da shi, a ɗan taɓa a auduga, a gwada tukuna a wani lungu da ido ba ya kai, kada a bar shi ya daɗe, a bi da ruwa. Wani daga cikinmu ya ta da maganar tsarkinsa. Wannan mun bar wa malamai, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ga man gyaɗa nan, jinkiri kawai zai yi. Ruwan tsinka fenti na masu fesa mota kuwa, ko kusa. Reza wurinta ɗaya, gilashi, shi ma a jiƙe kuma a kwance. In an gama a shafa kakin mota, domin ɗigon gaba ya zauna a kan kaki. Kashin tsuntsu da na jemage ya fi duk waɗannan gaggawa saboda yana cin fenti, ba a kwana da shi.

Saura tambaya ɗaya, wadda ba mai fenti ne zai amsa ta ba. Itacen nan ya haura shekara 60 a wurin. Mun daɗe muna shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinsa, Baba ya fi mu daɗewa da farar riga, ba mu taɓa sanin yana zubar da ƙaro haka ba. Me ya same shi a wannan shekara? Ruwa ba ya tsami banza. Muka sa aka kawo tsani muka hau da kanmu, da shekarunmu da rawaninmu, yara na dariya, muka sauko jiki a sanyaye. Kowane dunƙulen ƙaro a bakin rauni yake. Wayar rumfa ta ci ɓawo ta shaƙe reshe, ƙaro na tsattsafowa ta gefenta. Inda aka sassare da adda ya yi baƙi yana naso. Ƙusa 11 muka ƙirga, kowace da hawayenta a ƙasa. A gindi kuma, ta bayan da ba a zama, an ɓare ɓawo wuri-wuri, aikin masu dafa maganin zazzaɓi. Masu ɗakwara a Borno da Yobe da gangan suke ɓare ɓawo da rani domin ƙaro ya fito, saboda da shi itace yake toshe rauninsa. Mu mun yi wa namu tsaga ba da niyya ba, sa'an nan muka ajiye mota daidai ƙarƙashin reshen da ya fi jin jiki. A cikin ƙusoshin akwai wata tsohuwa mai tsatsa, wadda ta girmi gasar ƙwallo da shekaru. Mu muka buga ta, muka rataya allon sanarwa. Laifi tudu ne, an ce, ka take naka ka hango na wani.

Da yamma muka durƙusa gaban Baba, takardar mai sara a aljihu, ƙusa biyu a tafin hannu. Muka ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, kafin a aika, ga abin da muka gano." Muka zayyana masa kome. Ya karɓi ƙusa ɗaya yana juyawa, sa'an nan ya sa aka kira babban ɗansa. Da yake ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunansa, ba ya kuma fuskantarsa da magana a gaban mutane. Ta kanmu maganar take bi, ko da suna zaune a tabarma ɗaya.

"Malam," in ji Baba, "tambayi wancan, rumfar kwanon da zai yi mana, wa zai zauna a cikinta da azahar a watan Afrilu?"

Muka maimaita, ko da yake ya ji. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A gaya wa Baba za a sa fanka."

"Malam, ce masa in an ɗauke wuta fa?"

Aka yi dariya, shi ma ya murmusa. Amma bai janye ba, kuma mun girmama shi a kan haka. Ya ce, "Malam, a gaya wa Baba na ji maganar ƙaro, na kuma yarda. Katangar zaure fa? Ita ma ƙusa ce ta tsaga ta?"

Baba ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya ce, "Ya yi gaskiya. Malam, rubuta." Muka rubuta cewa za a yi rumfar kwano, amma ta mota ce, a gefen gida. A cire waya da ƙusa daga jikin itacen, kada a sake buga wata. Mai son magani ya tsinki ganye, ɓawo kuwa an hana. A haƙa rami tsakanin itace da zaure a datse saiwar da ta nufi gini, a gyara katanga da kuɗin Baba. Direba ba za a cire ko dala ɗaya daga albashinsa ba. Takardar mai sara kuwa ya ce kada a yaga, a ajiye ta a cikin littafin, kuma tana nan.

Ba za mu ce kome ya tafi daidai ba. Rumfar motar sai da ta ci wata bakwai kafin a kammala. Reshen da waya ta shaƙe bai rayu ba, dole aka yanke shi, da zarto wannan karon, aka daidaita bakin. An datse saiwa an gyara katanga, ga shi bana wata siririyar tsaga ta sake bayyana, babban ɗan Baba ya nuna mana ita da ɗan yatsa bai ce kome ba. Murfin inji kuwa har yau da tabonsa. Mai fenti ya faɗi kuɗin sake fesawa, jama'a suka ce za su sake karo-karo, Baba ya hana, ya ce tsohuwar da ta kawo sefa 500 ba za a koma mata sau biyu a kan mota ɗaya ba. Haka muke zuwa fada da shi kowace salla, idanu ma sun gaji sun daina kallo.

Ƙaron da muka ɓamɓaro daga rassan ranar da aka cire ƙusoshi ya kusa cika gwangwanin madara. Muka aika wa malamin makarantar allo ta bayan masallaci, ya ce tawadar ta yi, ko da yake ba ta kama allo kamar ta ɗakwara ba. Da bazara ta zagayo ya aiko almajiri da gwangwanin, wai in da saura a ƙaro masa. Muka ce a gaya wa malam ya yi haƙuri, raunukan sun rufe, ko cikin cokali ba mu samu ba.